Tun ran gini, ran zane: shawara ga mai niyyar gina gidansa

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, tabkuna kuma ba su ƙafe ba tukuna. Wannan shi ne lokacin da magidanta suke fara buga tubali. Wani zai yi wa ɗansa aure, yana neman ɗakin amarya. Wani iyali ne suka yi masa yawa. Wani kuwa ruwa ne ya kayar masa da ɗaki. Saboda haka muka ga ya dace shafinmu na lafiya da noma ya tsaya a kan maganar gini, tun daga zaɓen fili har zuwa yadda za a ɗumama ɗaki lokacin ɗari.

Wani zai ce, me ya haɗa gini da lafiya? Mu tuna da damanar 2024. Hukumomin ƙasarmu sun ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu ta dalilin ambaliya, kuma abin ya shafi sama da mutum miliyan ɗaya da rabi. Da yawa cikin mamatan, ɗaki ne ya faɗo musu. Jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram kuwa, ranar 3 ga watan Satumba na wannan shekarar, tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe, bayan ya yi shekara fiye da 150 a tsaye.

Bayan wannan masifa, mun ji mutane suna cewa ginin ƙasa ya gama zamaninsa, sai siminti. Amma siminti yana da tsada, kuma ba kowa ke da halinsa ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon metir 27, da ƙasa aka gina ta, tana nan tsaye domin ana kula da ita. Masallacin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962, shi ma ginin ƙasa ne, har ya samu kyautar Aga Khan ta duniya a 1986. Ashe ƙasa tana riƙe gini. Abin da ke kayar da ɗaki shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa da ruwan da ya shiga ta kansa. Abin da ke kwantar da iyali kuwa shi ne laima da zafi da hayaƙi. Duk waɗannan, tun ranar gini ake maganinsu.

Zaɓen fili

Kafin a saya ko a karɓi fili, a je a gan shi bayan an yi ruwa mai yawa. Wanda bai samu haka ba, ya tambayi dattawan wurin, su nuna masa inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarun baya. Tsofaffi sun san cewa ruwa yana komawa tsohuwar hanyarsa ko da ya yi shekara 20 bai bi ta ba. A shekarun fari na 1973 da 1984 da waɗanda suka biyo baya, ƙoramu da yawa sun bushe, mutane suka yi gine-gine a cikinsu. Da ruwa ya dawo, sai ya iske ɗakuna a kan hanyarsa. Haka aka gani a Yamai a 2020, lokacin da kogin Isa ya cika ya shiga unguwannin bakin ruwa.

A guji kwari, da fadama, da bakin gulbi, da gefen kududdufi. A guji tsohon juji da ramin da aka cike da shara, domin ƙasar wurin tana lotsawa, bango ya tsage. Filin da ya dace shi ne mai ɗan tudu, mai ƙasa mai tauri, inda ruwa ke gangarewa ba ya kwana. In ka ji fili yana da araha fiye da kima, bincika dalili.

Sai maganar takarda. Rigimar fili ta raba zumunci a garuruwa da dama. Tun 1993 ƙasarmu take da dokar tsarin karkara, wadda ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda muke kira kofo, tun daga ƙauye har zuwa sama. A ƙauye, a yi ciniki gaban mai gari da shaidu, a karɓi takardar shaida daga kofo. A birni, a je ma'aikatar magajin gari a tabbata filin na mai sayarwa ne, kuma wurin an yarda a yi gini. Mu da muka iya karatu yanzu, mu karanta takarda da kanmu kafin mu sa hannu.

Ina gida zai fuskanta?

Manomi ya san hadari daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi. Shi ya sa bangon gabas ya fi kowane bango cinyewa. Hunturu kuma daga arewa maso gabas yake busowa. Rana tana dukan bangon gabas da safe, ta doki na yamma da la'asar, kuma zafin la'asar shi ke hana barci a bazara.

Saboda haka a shimfiɗa ɗaki tsawonsa ya bi gabas zuwa yamma, yadda gajerun bangaye za su tari rana da hadari, dogayen kuwa su dubi kudu da arewa. Ƙofa ta fi kyau a kudu. Ga dalili: a watannin Disamba da Janairu rana tana karkata kudu, sai haskenta ya shigo ta ƙofa ya ɗumama ɗaki, hunturu kuma yana baya. A watannin Afrilu da Mayu rana tana bisa kai, ƴar rumfa a bakin ƙofa ta isa ta tare ta.

A bar taga biyu masu duban juna, ɗaya a kudu, ɗaya a arewa. Ta arewa ta zama ƙarama, can sama kusa da rufi, domin iska mai zafi da hayaƙi sama suke hawa. Kowace taga a yi mata murfi, a sa mata raga mai hana sauro shiga. Ɗakin da ba shi da taga yana tara numfashin mutane. Cututtukan da ake ɗauka ta iska, irin su tarin fuka da sanƙarau da ƙyanda, sun fi saurin yaɗuwa inda mutane da yawa ke kwana cikin ɗaki a toshe.

Don kusurwar ɗaki ta fita daidai, ga dabara mai sauƙi. A kafa turke a kusurwa. A auna metir 3 a gefe ɗaya, a auna metir 4 a ɗaya gefen. In tsakanin ƙarshen biyun ya ba da metir 5 cif, kusurwa ta daidaita. In bai ba da 5 ba, a gyara igiya tun ba a fara haƙa ba.

Ƙasa da tubali

Ba kowace ƙasa ke yin gini ba. A kwashe ƙasar sama mai taki da saiwoyi, a mayar da ita gona. A guji ƙasa mai kanwa ko gishiri, domin tana jan laima, bango ya riƙa zubewa kamar gari. Ƙasar gini ita ce wadda yashi da laka suka haɗu cikinta, yashi ya ɗan fi yawa.

Kafin a buga tubali dubu, a buga goma na gwaji. In sun bushe suka tsattsage, laka ta yi yawa, a ƙara yashi da yankakkiyar ciyawa. In gefensu yana marmashewa a hannu, yashi ya yi yawa, a ƙara laka. A ɗora tubali ɗaya bisa biyu, tsakiyarsa a sarari, mutum ya hau ya tsaya. In bai karye ba, ƙasar ta yi.

A jiƙa ƙasa a tattake ta sosai, a bar ta ta kwana biyu ko uku tana tsimuwa, kamar yadda iyayenmu ke yi. Bayan an buga tubali, a bar shi kwance kwana 3, a tayar da shi a gefe, ya ƙara mako 2 ko fiye. A fasa ɗaya a duba cikinsa. In akwai duhun laima a tsakiya, bai bushe ba. Wanda ya yi gini da ɗanyen tubali, bango zai tsuke bayan an gama, ya buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Akwai kuma tubalin da ake matsawa da inji, ana zuba wa ƙasar siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Da irinsa aka gina sabon masallacin Dandaji na jihar Tawa, wanda aka gama a 2018. Yana jure ruwa fiye da tubalin gargajiya, kuma bai ci siminti kamar bulo ba.

Mai halin bulon siminti kuwa, ya kula da abu biyu. Na farko, kada a ja buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙarfinsa. Bulon da ake kankarewa da farce, tubalin ƙasa mai kyau ya fi shi. Na biyu, siminti yana son ruwa bayan an buga shi. A riƙa ba bulo ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla, a inuwa. Siminti ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28.

Kada a haƙa ramin ƙasa a jikin gida. Ramin nan shi ne kududdufin gobe. Yana jiƙa gindin bango, yana haifar da sauro, yara ƙanana kuma suna faɗawa ciki.

Tushe da bango

A nan ne mutane suka fi yin rowa, a nan ne kuma rowa ta fi tsada. A haƙa tushe har a iske ƙasa mai tauri, kada zurfinsa ya gaza santimetir 50, faɗinsa kuma ya fi na bango. In akwai dutse ko marmara kusa, da su za a cika shi. A ci gaba da dutsen har ya ɗaga santimetir 30 zuwa 40 bisa ƙasa, sannan a fara jera tubali. Mai buhun siminti 5 kacal, nan ya kamata ya zuba su. Kafin sahun tubali na fari, a shimfiɗa leda mai kauri ko a shafa kwalta bisa tushen, domin laimar ƙasa tana hawa cikin bango kamar yadda mai ke hawa lagwani.

A cika cikin ɗaki da ƙasa a daɓe, daɓen ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida kuma ta fi titi tudu. A yi dakali kewaye da gindin bango mai gangare zuwa waje. A bar kafar ruwa mai faɗi a katanga, a shawarta da maƙwabta inda ruwan unguwa zai bi. Wanda ya tura ruwansa gindin bangon maƙwabcinsa ya ɗauki alhaki.

Bangon da zai ɗauki rufin ƙasa, kaurinsa ya kai santimetir 40. A jera tubali a sarƙe, kada gaɓar sama ta faɗa bisa gaɓar ƙasa, musamman a kusurwa. Kada a ɗaga bango fiye da metir 1 a yini, a bar shi ya zauna. Ƙofa da taga su nisanci kusurwa da kamar metir 1. In an ga gidan gara kusa, a tone shi tun kafin a fara aiki.

Rufi

Rufi iri uku muke da shi, kowane da amfaninsa da wahalarsa.

Na ɗaya shi ne soro, wato itace ko azara ko dogon ƙarfe, a bi da zana ko kara, a zuba ƙasa. Yana da sanyi a bazara, yana da ɗumi a ɗari. Haɗarinsa nauyi ne. Mu yi lissafi. Ɗaki mai metir 3 da metir 4, in aka zuba masa ƙasa mai kaurin santimetir 10, nauyinta ya kusa ton 2, wato kamar buhu 40 masu kilo 50. Mutane da yawa kowace shekara sai su ƙara sabuwar ƙasa bisa tsohuwa, alhali itacen da ke ƙasa yana tsufa, gara tana cinsa. Ran da ƙasar ta sha ruwa, nauyi ya ƙaru, sai rufi ya faɗo wa masu barci. Kafin a ƙara sabuwa, a kankare tsohuwa. Faɗin ɗakin da za a rufa da itace kada ya wuce metir 3. A shimfiɗa leda tsakanin ƙasar rufi, a yi wa rufin gangare zuwa indararo.

Indararo ƙaramin abu ne mai babban aiki. Ruwan sama na milimetir 50, in ya sauka bisa wannan ɗaki namu, litir 600 ke nan, wato ganga 3 masu litir 200. Duk ta indararo za su fita. Ya zama mai faɗi, mai tsawo, ya zubar nesa da bango, a sa dutse ko ganga inda ruwan ke sauka. A share shi kafin ruwan fari.

Itacen rufi ya yi wuya yanzu. Giginyar da ake yin azara da ita, irin ta yankin Gaya, tana cikin itatuwan da doka ta kare, haka ma gawo. Ba a sare su sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Manomin da ke barin tsiron itace yana girma a gonarsa, kamar yadda aka saba a jihar Maraɗi tun wajen 1983, shi ne zai samu sandunan rufi ba tare da ya saya ba.

Na biyu shi ne gini ba itace. Ana rufa ɗaki da ƙananan tubali kaɗai, a lanƙwasa su kamar ƙwarya a kife ko kamar baka. Asalin dabarar daga ƙasar Nuba ne, a kudancin Masar, kuma an fara gwada ta a ƙasarmu a 1980 a garin Cikal, wajen Filinge. Tun daga nan an horar da magina da dama. Ba ya cin itace, ba ya cin kwano, gara ba ta da abin ci a cikinsa. Sai dai irin wannan rufi yana tura bango waje, don haka ba aikin gwaji ba ne. A nemi maginin da ya koya, a je a ga ɗakunan da ya gina suka ci damana da yawa.

Na uku shi ne kwano, wanda muke kira tol. Ba shi da nauyi, yana da saurin aiki. Amma a bazara, lokacin da zafi ke wuce awo 40 a inuwa, ɗakin kwano kamar tanda yake, a ɗari kuma yana saurin hucewa. Maganinsa a ɗaga bango sosai, a yi masa rufin ciki na tabarma ko zana ko katako, a bar ƴan kafofi masu raga tsakanin rufin biyu domin zafi ya fita. A ɗaure katakon rufi da waya mai kauri wadda aka binne cikin bango sahu 3 ko 4 daga sama. Duwatsun da ake ɗorawa bisa kwano ba su hana guguwa ɗauka, kuma in sun faɗo suna raunata mutane. Kafar da ke tsakanin kan bango da rufi, ta nan sauro ya fi shiga da dare. A toshe ta ko a sa mata raga.

Yaɓe

Yaɓe shi ne rigar gini. Kakanninmu suna haɗa ƙasa da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa, ko da katsin marina, ko da kashin dabbobi da ciyawa, su yaɓe bango. Wannan yana aiki har yau, muddin ana sabunta shi kafin kowace damana, musamman a bangon gabas da kan katanga.

Mu yi hattara da shafa siminti kai tsaye bisa bangon ƙasa. Siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. Shafen yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali daga waje yana sheƙi. Wanda ya nace sai ya yi, ya kafa ragar waya a jikin bangon tukuna, kuma ya riƙa liƙe duk tsagar da ta fito. Farar ƙasa a ciki da waje tana rage zafi, tana haskaka ɗaki, tana tona maɓoyar kuɗin cizo da kunama.

Madafa, masai da garke

A ware madafa daga ɗakin kwana, a yi ta inda iska za ta kwashe hayaƙi daga ɗakuna. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 kowace shekara a duniya, kuma mata da yara ƙanana su suka fi shaƙarsa. Murhun zamani na laka, ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana rage cin itace bisa ga murhun duwatsu uku. Tun 2011 matatar man fetur ta Damagaram take fitar da gas na girki. Mai amfani da shi ya aje tukunyar a tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa. In an ji warinsa, kada a ƙyasta ashana. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa, a gwada tiyo da kumfar sabulu.

Masai ya nisanci rijiya da metir 30 aƙalla, kuma ya kasance a gangaren ƙasa da ita. A yi masa murfi, a aje buta da sabulu ko toka a bakinsa. Garke da turken dabbobi su nisanci ɗakin kwana. Rumbu da tarin kara da harawa su nisanci madafa.

Ɗumama ɗaki lokacin ɗari

Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba a Damagaram da Tawa da Maraɗi yakan sauko ƙasa da awo 15. Tsofaffi da jarirai da masu jego su suka fi jin sa. Ɗumi na fari daga ginin yake fitowa. Bango mai kauri yana shan zafin rana da yini, ya sake shi a hankali da dare. A buɗe ƙofar kudu da hantsi rana ta shiga, a rufe tagogi da la'asar tun ɗumi bai fita ba. A rataya labule mai kauri ko asabari a ƙofa. A kwanta bisa gado, ko a ninka tabarma, kada a kwanta bisa siminti tsirara.

Ɗumi na biyu shi ne sutura: bargo, rigar sanyi, hula da safa ga yara. Jariri sabon haihuwa ba abin da ya kai masa jikin uwarsa. A manna shi a ƙirjinta, a sa masa hula, a lulluɓe su tare.

Wuta ita ce ta ƙarshe, kuma a nan haɗari yake. Gawayi in yana ci cikin ɗaki a rufe, yana fitar da wata iska mai guba. Ba a ganinta, ba ta da wari. Ko garwashin da ya yi ja, ba hayaƙi ko kaɗan, yana fitar da ita. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Mai barci ba ya jin komai, daga barci sai mutuwa. Wani lokaci akan iske ƴan ɗaki ɗaya duka a sume da safe, a ce iskoki ne, alhali kaskon wuta ne. Gawayin itace, da gawayin ƙasa irin wanda ake haƙowa a yankin Cirozerin na jihar Agadas, da murhun gas, da injin wutar lantarki, duka haka suke a ɗaki rufaffe.

Saboda haka ga ƙa'ida. A hura gawayi a waje. In za a shigo da kasko, a bar taga a buɗe, babba yana zaune yana kallo. Kafin kowa ya kwanta, a fitar da shi waje a kashe. Ɗakin mai jego ma haka, ko da al'ada ta ce a kwana da wuta. Mai son ɗumi ya kai shi asuba, ya gasa dutse ko tubali a waje, ya naɗe shi da tsumma mai kauri ya aje wajen ƙafafu, nesa da jikin jariri.

In aka iske mutum da waɗannan alamu, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da shi sarari nan take, a kai shi gidan likita ko da ya farfaɗo. Kada a tsaya turare ko ɗura masa ruwa yana sume.

Lokacin hunturu kuma shi ne lokacin gobara, domin komai ya bushe, iska tana kaɗawa. Kasko ya nisanci gidan sauro da katifa da labule. Kada a bar yara su kaɗai da wuta. A aje tulun ruwa da bokitin yashi kusa da madafa. In yaro ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi likita. Kada a shafa tawada, ko ƙwai, ko mai, ko kashin shanu. A birane, lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Lissafi kafin aiki

A ɗauki littafi da alƙalami. A rubuta yawan tubali, da kuɗin ruwa, da itace ko kwano, da ƙofa da taga, da ladan magini. A ware wani abu domin abin da ba a zata ba. Yarjejeniya da magini a rubuta ta gaban shaidu: aikin da zai yi, da kuɗinsa, da ranar gamawa. A riƙa biya kashi kashi bisa ga aikin da aka gani. Kada a sayar da hatsin ci domin gini, har a zo lokacin noma rumbu ba kome.

In kuɗi bai kai ɗaki uku ba, a gina ɗaya mai tushen dutse da rufi mai kyau, a bar wurin sauran. Sannu ba ta hana zuwa. A buga tubali daga Nuwamba zuwa Janairu, a yi gini a Fabrairu da Maris, a gama rufi da yaɓe kafin ƙarshen Afrilu. Aikin tubali da ɗaukar ƙasa kuwa, a kira gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma a shawarci uwar gida tun wajen tsari. Ita ta fi kowa sanin inda hayaƙi ke taruwa da inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida.

Masu tsofaffin ɗakuna su ma suna da aiki a wannan rani. A zagaya gida a duba gindin bango, a soka wuƙa cikin itacen rufi a ji ko gara ta cinye shi, a liƙe tsaga, a gyara indararo. In damana ta yi nisa aka ga bango ya jiƙe har sama, ko sabuwar tsaga ta buɗe, ko ƙasa tana zubowa daga rufi, a fitar da iyali a daren nan, kada a jira safiya. Ɗaki ana sake gina shi.

Muna roƙon malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu, su gayyato maginin gari ya ƙara bayani, a yi lissafin rufi da na indararo bisa allo. Wanda ya karanta kuma ya gaya wa maƙwabcinsa da bai samu zuwa ba. Allah shi ba mu muhalli mai albarka, shi tsare mu da iyalanmu daga ambaliya da gobara. Amin.